Wane Kifi Zai Zauna da Wane? Lacca Kan Haɗa Kifayen Ado a Babban Akwatin Gilashi

  

Duk mai shiga otal-otal da ofisoshi da asibitocin kuɗi na garin nan, daga Maitama zuwa Wuse zuwa Gwarinpa, ya ga yadda akwatin gilashin kifi ya zama kayan ƙawa a Abuja. Gidaje ma sun bi sahu. Ranar da aka kafa shi abin gwanin sha'awa: ja da rawaya da shuɗi suna ta kai da komo, yara sun manna fuska a gilashi sun ƙi tashi. Ka dawo bayan wata uku, sai ka tarar saura 'yan kaɗan, wasu wutsiya a yage, wani ya lafe a lungu ya daina cin abinci. Maigida zai ce ruwan Abuja ne, ko an sayar masa da marasa lafiya, wani ma ya ce kambun baka ne. Mafi yawan lokuta ɓarnar tun a shago aka yi ta, sa'ad da aka tsaya ana nuni da yatsa: ba ni wancan ja, ƙaro mini wancan mai ɗigo-ɗigo. An zaɓi launi, ba a tambayi wane ne zai iya zama da wane ba.

Bari in faɗi abin da nake nufi da babban akwati. Wanda tsawonsa ya kai santimita 150, faɗinsa 60, zurfinsa 60, yana cin ruwa lita 540. Kowace lita kilo guda ce, saboda haka in ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu ka doshi kilo 700 a kan teburi ɗaya. Mai son kafa shi a bene ya fara shawara da injiniyan gini. Mutum in ya ga wannan yalwa sai ya ɗauka kome ya zuba a ciki za a zauna lafiya. Yalwa tana da amfani ƙwarai, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɓaci, ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi. Amma akwatin nan gidan haya ne da ba shi da ƙofar fita. Ɗan Adam in maƙwabci ya ishe shi yana iya kwashe kayansa ya koma Kubwa ko Lugbe. Kifin da ka haɗa da wanda ya fi ƙarfinsa ba shi da inda za shi, dare da rana, har rai ya yi halinsa. Kai ka zaɓa masa maƙwabta. Musulmin cikinmu sun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. Ina so duk mai tsare rai a cikin gilashi ya riƙe wannan hadisi a zuciyarsa.

Abin da za ka fara dubawa a jikin kifi shi ne bakinsa, kuma bakin da zai yi idan ya girma nake nufi. Kusan kowane kifi, har wanda ake yabo da sanyin hali, zai haɗiye abin da duk ya iya shiga bakinsa. Waɗanda kuke gani a shago kuwa yawancinsu 'ya'ya ne. Oska, wannan mai baƙi da ja ɗan Amazon, ana sayar da shi bai fi ɗan yatsa ba, ga shi da wayo har yana gane mai ba shi abinci. Cikin shekara biyu ya kai santimita 30, ya share duk ƙananan da ke tare da shi. Fileko da ake tallata muku da sunan mai share gilashi yana kai santimita 45, kashin da yake yi kuwa ya fi dattin da yake sharewa. Akwai wani mai sheƙi da 'yan kasuwa ke ce wa shak, alhali dangin tarwaɗa ne daga kogin Mekong, irin wanda ake kiwo a Biyetnam don nama. Wannan yana wuce mita guda. Ko anjel, mai faɗin jiki da tafiyar ƙasaita, idan ya manyanta yakan bi ƙananan tetra masu shuɗin layi ya tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Za ku ji ana cewa kifi daidai akwatinsa yake girma. Abin da ke faruwa shi ne ƙuncin wuri da dattin ruwa sukan tsumburar da shi, ya yi ta fama da ciwo, ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Kada wannan magana ta sa kowa sayen abin da ba shi da wurin ajiyewa.

Yanzu in zo kan namu na gida, domin nan ne jarabawar mutanen Abuja take. Da yawa daga cikinku kuna kiwon tarwaɗa a Kuje ko Gwagwalada ko a bayan gida, sai a ga ai ba laifi a jefa 'yar ƙarama ɗaya cikin akwatin falo. Tarwaɗa da rana lafewa take yi kamar ba ruwanta da kowa; farautarta ta dare ce, kuma cikin 'yan watanni takan ninka girmanta. Karfasa kuwa haƙa take yi, ta tumɓuke shuka, ta kori kowa daga inda ta share don ƙwai. Sai uban gayya, giwan ruwa, wanda masunta ke gasar kamawa a Argungu tun 1934, wanda ke iya kai mita biyu da kilo 200. Shi kam an riga an yi mana gwajinsa a wurin da ya fi kowane akwati girma. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya da ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, don a samu babban kifin kasuwa. Tafkin ya kai murabba'in kilomita 68,000, ya ninka dukan yankin Babban Birnin Tarayya fiye da sau takwas. A cikinsa akwai ƙananan kifaye dangin karfasa wajen iri 500 da ba a samunsu ko'ina a duniya sai can. Ya yi shekaru ba a ji ɗuriyarsa sosai ba, sai a shekarun 1980 ya yi yawa na ban mamaki, kuma masana sun ƙiyasta cewa iri wajen 200 na waɗancan ƙananan sun ɓace. Gurɓatar ruwa da yawan su sun taka tasu rawar, amma bakin giwan ruwa ne ya yi babbar ɓarnar. Idan faɗin Biktoriya bai ceci ƙarami daga babba ba, lita 540 ba za ta cece shi ba.

Akwai kuma waɗanda ke da ban sha'awa ƙwarai, amma kowannensu ɗakinsa daban. Minjirya tana sakin lantarki da ya kai bolt 350, da shi take sumar da abin farautarta. Talibamban, mai kumbura ciki in ya tsorata, haƙoransa na fasa katantanwa ne, kuma yanki guda yake yi wa wutsiyar maƙwabcinsa. Gaiwa ta saba da zaman kaɗaici a cikin taɓo, cizonta kuma ba na wasa ba ne. Tsege haƙoransa sun isa su ba ku amsa. Yauni, wanda ke tafiya gaba da baya ba tare da ya lanƙwasa jiki ba, yana wuce mita ɗaya da rabi. A jikinsa ne Hans Lissmann na Jami'ar Kambrij ya gano a 1951 cewa akwai kifayen da ke sakin wani raunannen lantarki suna laluben hanya da shi a cikin duhu. Mai son ɗaya daga waɗannan ya yi masa akwatinsa shi kaɗai, zai ji daɗinsa shekara da shekaru.

Bayan baki sai ruwa. Kifin da ya fi kowane yawa a shagunanmu shi ne golfish, jan kifin da mutanen Sin suka fara kiwo don ado shekaru dubu da suka wuce. Kifin ruwan sanyi ne, ya fi sakewa a digiri 18 zuwa 22, ga ci ga yawan kashi. Kifayen ƙasashen zafi kuwa suna son 24 zuwa 28. Wanda ya haɗa su dole ɗaya ya cutu. Sannan akwai nauyin ruwa. Kun san ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, wanda ke barin farin dasashi a gindin buta. Wannan ruwa ne mai nauyi, mai yawan kalsiyam. Kifayen Tafkin Malawi, masu shuɗi da rawaya kamar an yi musu fenti, irinsa suke so, da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wajen 8. Na Amazon da na kogunan dazuzzukanmu sun fi son mara nauyi, pH tsakanin 6 da 7 da ɗoriya. Ƙasar Abuja tana kan dutsen giranit ne, don haka ruwan famfo da ke zuwa daga madatsar Usuma yawanci mara nauyi ne, amma burtsatse kowace da halinta, na 'yan ga-ruwa da na tanka kuwa ba ka san inda aka ɗebo ba.  Ka auna ruwan da kake da shi, ka zaɓi kifin da ya dace da shi. Hakan ya fi sauƙi da aminci a kan ka riƙa zuba magunguna kullum kana neman sauya halin ruwan. Na famfo kuwa yana ɗauke da kilorin, sai an sa masa maganin kashe shi, ko a bar shi ya kwana biyu a buɗe ana hura masa iska.

Littattafan kiwon kifin ado galibi an rubuta su ne don mutanen Turai, inda damuwarsu ita ce sanyi. Mu a nan damuwarmu biyu ce. A watan Maris da Afrilu zafin Abuja yana haura digiri 35, ruwan akwatin da ke ɗaki marar na'urar sanyaya iska yana iya wuce 30. Ruwa kuma in ya yi zafi iskar numfashin da ke cikinsa raguwa take yi: a digiri 20 lita guda tana riƙe wajen miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 wajen 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatarta. A haka ne kuma za a ɗauke wuta, famfon iska ya tsaya, matata ta tsaya. Sai kuma hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, da dare ya yi sanyi ruwa ya sauka farat ɗaya. Bayan 'yan kwanaki ka ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kifi, yana goga jiki a dutse. Saboda haka shawarata ita ce mutumin Abuja ya zuba kifi ƙasa da adadin da littafi ya yarda masa, ya ɗora famfon iska a kan inbata ko ya ajiye mai batir, ya sa hita domin daren hunturu, ya kuma nisanci kifayen da ba sa jure zafi. Tetra mai shuɗin layi da kowa ke so tana cikin waɗanda bazararmu ke galabaitarwa.

Sai hali, wanda ya fi wuyar ganewa a tsaye a shago. Wasu kifaye 'yan garke ne. A kogi ɗaruruwa suke tafiya tare, tsaronsu ke nan. In ka sayi biyu don ka rage kuɗi, launinsu zai dushe, su ɓuya, ko su huce tsoronsu a kan wasu. Taiga-bab, mai ratsin baƙi ɗan Indunusiya, in sun kai goma sha biyu junansu suke kora, in uku ne sai su koma tsinkar fiffiken anjel da na gofi, ɗan ƙaramin kifin nan mai baza wutsiya. Duk kifin garke kada ya gaza takwas, kuma a babban akwati iri uku masu yawa sun fi iri goma sha biyu bibbiyu kyau da kwanciyar hankali. Wasu kuma masu kama fili ne, musamman dangin karfasa in za su yi ƙwai. Abin da ke rage musu faɗa shi ne a kare musu ganin juna da itace da duwatsu da shuke-shuke, domin kifi wanda ya gani yake bi. Akwai kuma zancen abinci, wanda mutane ba sa lura da shi: mai saurin ci da mai nawa in sun haɗu, ba cizo ba kora, amma ɗaya zai yi ta ramewa har ya ƙare.

To, in an tace duk wannan, me ya rage? Nan ne zancen da ya kawo ni. Kifayen da suka fi dacewa da babban akwati a Abuja suna nan cikin kogunan ƙasarmu, a Neja da Binuwai da Ogun da rafukan kudu. Shekara da shekaru ana kama su ana ɗora su a jirgi daga Legas zuwa Turai da Amurka da Asiya, inda masu sha'awa ke ji da su. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai ja da kore da masu kiwo a can ke bambanta irinsa da sunayen garuruwanmu: na Makurɗi, na Lafiya, na Jos, na Akure. Mu kuma a nan muna sayen golfish muna sa shi a zafin Afrilu. Kifayenmu sun fito daga ruwa iri ɗaya, sun san zafinmu, wasunsu ma suna iya shaƙar iska daga sama in ruwa ya yi ƙarancinta. Kuma kowanne da hawan da yake zama, sama da tsakiya da ƙasa, wanda shi ne sirrin zaman lafiya a akwati.

A sama ina ba da shawarar kifin malam-buɗe-littafi, wanda masana ke kira Pantodon buchholzi. Bai wuce santimita 12 ba. In ka leƙa shi ta sama za ka ga fiffikensa biyu a buɗe kamar na tsuntsu, launin busasshen ganye, ya tsaya cak a ƙarƙashin fatar ruwa a gefen kainuwa, wasu siraran zaruruwa suna reto a ƙarƙashin cikinsa. Da farkon damina, in shinge ya taru a fitilar ƙofar gida, ka kamo ɗaya ka jefa masa. Ba zai motsa ba har sai shingen ya kaɗa fiffike ruwa ya yi zobe. Kafin ƙiftawar ido ya wawure shi, ya koma inda yake kamar ba shi ba. Abin da ya nutse ba ya bin sa, don haka ba ya takara da na ƙasa. Uku ko huɗu sun isa. Sharaɗinsa biyu ne: murfi mai rufe ko'ina, domin gwanin tsalle ne, sannan kada a haɗa shi da ƙananan da ke yawo a sama irin gofi. Ƙwarin da aka fesa wa magani kuwa kada su kusance shi.

A tsakiya sai dangin kawara. Akwai tetra mai dogon fiffike, Brycinus longipinnis, wadda ke cikin rafukanmu, da tetrar Kwango mai sheƙin bakan gizo, wadda yanzu a gonakin kifi ake hayayyafa ta. Goma sha biyu zuwa sha biyar na iri ɗaya daga cikinsu za su cika idon mai kallo. Akwai ta uku, tetrar Neja mai jan ido da manyan ɓawo, wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a ƙasar nan, a ƙasan kogin Neja da Ogun. Ina sonta ƙwarai, amma tana cikin jerin kifayen da ke fuskantar barazana saboda sare daji da gurɓatar ruwa, don haka ba na ƙarfafa kowa ya saye ta sai mai niyyar gwada hayayyafa ta. Tare da su ana iya sa garken wata 'yar ƙaramar tarwaɗa mai ratsi uku, Pareutropius buffei, tsawon ɗan yatsa, wadda ta saɓa wa danginta: da rana take yawo, a tsakiyar ruwa, tana kaɗa wutsiya ba hutu. In ba su kai takwas ko goma ba ba ta sakewa.

A ƙasa kuwa ba ni da kamar kiribensis, Pelvicachromis pulcher, ɗan rafukan kudancin Najeriya, santimita 8 zuwa 10, wanda duk da dangin karfasa ne yana da dama-dama. Ku nemi 'yar ƙaramar tukunyar ƙasa marar fenti, irin wadda matan Gbagyi ke ginawa a Ushafa da Bwari, ku fasa mata ƙofa a gefe, ku kife ta a kan yashi. Macen, in lokacinta ya yi, cikinta yakan yi jawur kamar ruwan zoɓo, ta lanƙwasa jiki tana karkarwa a gaban namijin har ya bi ta ƙofar tukunya. Sai ta ɓace kwanaki, namijin yana sintiri a bakin ƙofa. Bayan mako guda da 'yan kwanaki za ta fito da 'ya'ya kamar ƙura a ƙarƙashin cikinta, uwa a gaba uba a baya, suna kiwonsu a kan yashi. In wani ya matso, uwar ta yi wata girgiza, sai duk 'ya'yan su faɗi ƙasa su ƙame. A wannan lokaci suna kama fili kamar kamu biyu kewaye da tukunya, ba mai shiga. Shi ya sa nake cewa a kife tukunyar a ƙarshe ɗaya na akwati, kuma mata da miji ɗaya sun isa. Ɗaya ƙarshen a bar wa ƙananan ƙurungu biyar ko shida, irin waɗanda ke iyo a rigingine a ƙarƙashin itace. Amma a tambayi irin da kyau, domin ƙurungun da masunta ke kamawa a Kainji wasunsu suna wuce santimita 40.

Na san za a tambaye ni kifin nan mai hancin giwa, ɗan dangin miligi, Gnathonemus petersii, domin shi ne ya fi fice cikin kifayen adon da ke fita daga Najeriya. Abin da ake gani kamar hanci haɓarsa ce, da ita yake tonon yashi yana neman tsutsa, kuma shi ma da raunannen lantarki yake gane abin da ke kewaye da shi. Ƙwaƙwalwarsa babba ce ƙwarai in aka gwada da jikinsa. Wani bincike na 1996 ya nuna tana cin wajen kashi 60 cikin ɗari na iskar da yake shaƙa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku abin da ɗaukewar wuta a daren bazara za ta yi masa. Yana bukatar yashi mai laushi, haske kaɗan, tsutsa da tana bayan an kashe fitila, kuma magungunan kifi masu sinadarin jan ƙarfe suna kashe shi. Biyu ba sa zama tare, babban zai addabi ƙaramin; ko ɗaya, ko biyar zuwa sama. Wanda bai shekara yana kiwo ba ya haƙura da shi tukuna. Gartsa kuwa, mai jiki kamar maciji da ƙayoyi a jere a gadon baya, ta fi shi juriya nesa ba kusa ba, tana da huhun shaƙar iska. Sai dai tana kai santimita 30 ko fiye, kuma mai cin nama ce. Mai sonta ya cire 'yar tarwaɗar nan mai ratsi da duk wani siririn kifi daga lissafinsa.

Shuke-shuken ma namu ne. Anubiyas, mai kaurin ganye da ake ɗaurawa a jikin itace, asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru ne, kuma ba ya neman haske mai yawa. Bado da kainuwa kun san su, sai dai kainuwa a riƙa rage ta kada ta rufe sama duka. Giranit na Mpape ba ya sauya halin ruwa, in an wanke shi tas. Duk dutsen da ka ɗiga wa ruwan lemon tsami ya yi kumfa, ka bar shi a waje.

Ko da an zaɓi maƙwabta nagari, ranar tarewa tana iya ɓata komai. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a cikin matata su ke juya ta zuwa naitirait, shi ma guba, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da canza rubu'in ruwa kowane mako. Waɗannan ƙwayoyi suna bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Mai taron biki da ke son akwati ya cika ranar Juma'a saboda baƙin Asabar, kifin ne za su biya. A fara da garke ɗaya na masu sanyin hali, a jira mako biyu, a ƙaro na gaba. Masu kama fili su ne na ƙarshen shiga, domin in suka riga kowa za su ɗauka duk gidan nasu ne. Sabon kifi kuma, musamman wanda aka kamo daga kogi, ya yi mako uku ko huɗu a wani ƙaramin akwati daban ana lura da shi. Soson matata kada a wanke shi a bakin famfo, a ɗauraye shi da ruwan da aka ɗiba daga akwatin.

Bayan haka sai sa ido. Lokacin ba da abinci ka ƙirga su, ka ga wanda bai fito ba. Sau ɗaya a mako, bayan an kashe fitila da awa guda, ka zo da 'yar tocila ka leƙa, domin yawancin zaluncin cikin akwati da dare ake yinsa. Kifin da ya maƙale a lungun sama kusa da bututu, launinsa ya dushe, wani ne ya kore shi. A raba su a ranar, kada a ce za su saba.

Idan kuwa kifi ya fi ƙarfin akwatinka, ina roƙonku da girman Allah kada a kai shi Tafkin Jabi ko rafin unguwa da sunan tausayi. Fileko da aka saki haka ya zama annoba a kogunan Filifin da Meziko da kudancin ƙasar Amurka, yana rarake gaɓa yana cika tarun masunta. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan: baƙuwar kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar Amurka ta Kudu, wadda ado ne ya yaɗa ta a duniya, ta shigo mana ta Badagiri a 1984, daga baya ta kai har Kainji tana toshe hanyar jiragen ruwa. A mayar wa mai shago, ko a ba wanda ke da wurin da ya fi girma.

Ga matasan da ke nan kuma, musamman waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa wajen ƙyanƙyasar tarwaɗa, kiribensis yana hayayyafa a akwatin lita 80 da tukunya guda, kuma uwa ɗaya tana fitar da 'ya'ya gommai a zubi ɗaya. Duk wanda aka haifa a Kubwa ko Karu ya rage ɗaya da za a kamo daga rafin Neja Delta, ya kuma fi wanda ya sha doguwar tafiya daga Legas lafiya. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa tana nan a New Bussa, tushenta tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, kuma ba ta fi tafiyar yini daga nan ba. Ku je ku yi tambaya, ku koyi sunayen kifayen da kyau kafin ku sa kuɗinku.

Nan zan dakata domin a samu lokacin tambayoyi. Mai tambaya ya taimaka ya fara faɗa mana tsawon akwatinsa, da inda yake samun ruwa, da kifin da ya riga ya zuba a ciki.